Ruwan maganin tsatsa: abin da ya yi min da abin da ya kasa a jikin fijon Babanmu

Yau kusan shekara biyu da rabi kenan ina fama da Peugeot 504 ɗin marigayi Babanmu, kuma duk wanda ya leƙo gida ya ga motar a kan bulo tambayarsa ɗaya ce, wai wannan ruwan da nake shafawa da gaske yana kashe tsatsa ko kuwa cin kuɗi ne kawai. To na ƙarar da roba uku 'yan lita ɗai-ɗai, ta huɗu ma ta yi rabi, saboda haka ina ganin yanzu ina da bakin magana. Yana aiki wallahi. Amma ba a wurin da yawancinmu muke sa ran zai yi ba, kuma ni kaina sai da na yi asarar wata da watanni kafin na gane haka.

Bari in fara da motar tukunna don a san da me ake. Ƙirar 1982 ce, haɗin Kaduna, daga kamfanin PAN da ke Kakuri wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Ita 504 a Faransa aka fito da ita a 1968, shekara ta zagayo ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma bayan su can sun daina yin salun ɗin a 1983 mu nan aka ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san ta, motar hukuma ce, motar ɗaukar amarya ce, wagon ɗin kuma ita ce ta riƙe hanyar Kano zuwa Kaduna shekara da shekaru. Baba ya saye ta a hannun wani abokin aikinsa, fara ce, a cikinta aka kai ni makaranta ranar farko. Bayan rasuwarsa babu wanda ya iya cewa a sayar, babu kuma wanda ya tashe ta, haka ta zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida sama da shekara goma.

Mutane suna cewa ai motar Arewa ba ta tsatsa, sai ta Legas da Fatakwal inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Akwai gaskiya a ciki amma ba duka ba. Tamu ganyen darbejiya ne ya toshe ramukan da ruwa ke bi ya fita a gindin gilashin gaba, rana kuma ta busar da robar gilashin ta tsattsage, to duk damina ruwa sai ya sulala ya kwanta ƙarƙashin kafet, shi kuma kafet da abin da ke ƙarƙashinsa kamar soso suke, su riƙe lema har bayan an daina ruwa da daɗewa. Ga awaki da suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Ga batir da aka bari a ciki ya yi ta yoyon asid har ya cinye mazauninsa. Ranar da na ɗaga kafet ɗin gefen direba, ƙasa na hango ta cikin ramin, na daɗe a tsugune ban ce komai ba.

Kuskurena na farko gaggawa. Na kai ta wani gareji, mai bugun bodin ya zagaya ta ya ce sati uku ta fito, na ji daɗi na ba da kuɗi. Ta fito da kyau a ido kuwa, amma damina ɗaya ta wuce sai ga fenti yana kumbura a ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya kamar ƙuraje. Wani dattijo mai walda da wani abokina ya haɗa ni da shi ya zo gida, bai ce komai ba ya zaro maganaɗisun tsohuwar sifika daga aljihu ya dinga bin jikin motar da shi, inda ƙarfe yake sai ya kama, inda aka cika fila, wato abin nan da ake shafawa a cike lotsawar bodi kafin fenti, sai ya zame ya faɗi. Ya faɗi a wurare da yawa. Da muka kankare wani wuri kaurin filar ya kai ɗan yatsa, a ƙarƙashi kuma tsatsar tana nan yadda take, an dai lulluɓe ta ne. Na ce Baba yanzu ya za a yi, ya ce ɗana a koma farko, babu wata hanya.

A lokacin ne na fara bincike a intanet na ci karo da wannan ruwan. Ga wanda bai san shi ba, ba wanke tsatsa yake ya tafi da ita ba, juya ta yake. Ita tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da iska da lema ya koma jan gari, shi kuma ruwan yana da asid a ciki, wani nau'in fosforik ne wani kuma tanik, irin sinadarin nan da ke cikin bagaruwa da majema ke jima da ita, idan ya taɓa tsatsar sai ya mayar da ita wani baƙin abu mai tauri wanda ba ya ci gaba da cin ƙarfen. Wanda na saya fari ne kamar madara, kana shafawa cikin 'yan mintuna za ka ga wurin ya fara komawa shuɗi-shuɗi sannan baƙi. Ranar farko har yara na kira su zo su gani.

Kafin in zuba shi a motar na yi wani ɗan gwaji da nake ba kowa shawarar ya yi. Na yanko guntayen ƙarfe uku masu tsatsa daga tsohon ƙasan but ɗin da muka cire. Ɗaya ban sa masa komai ba, ɗaya na shafa ruwan kawai, na ukun na shafa ruwan sannan firaima sannan fenti, na ɗora su kan rufin ɗaki suka sha damina guda cur. Na farkon ba sai an faɗa ba. Na biyun shi ne abin lura, wata na farko yana nan baƙi wuluk, amma kafin ƙarshen Agusta ja ya fara ɓullowa ta gefe-gefe, zuwa kaka ya kusa komawa gidan jiya. Na ukun har yau yana cikin akwatin kayan aikina lafiya lau. Kenan duk mai ce maka shafa kawai ka bar shi ya isa, ba gaskiya ba ne, dole a rufe shi da fenti.

Inda ya yi min aiki sosai shi ne wuraren da tsatsar ke sama-sama kuma ƙarfen bai mutu ba. Cikin rufi, bayan bonet, cikin ƙofofi inda hannu ke shiga da ƙyar balle giranda, kejin safaya da ke ƙarƙashin but, da ƙafafun kujeru. Waɗannan na bi su da buroshin waya na kaɗe duk ɓawon da ke tashi, na goge da tina saboda ko ɗigon mai ko giris ne a wurin ruwan ba zai kama ba, na shafa sau biyu, na bar shi kwana guda. Tun daga lokacin nake duba su babu abin da ya motsa. A nan kam ya biya kuɗinsa har da riba, don da sai an fasa ƙofofin ko a nemo wasu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, kuma samun ƙofar 504 da ba ta ruɓe ta ƙasa ba yanzu aiki ne.

Inda ya kasa kuma, a gaskiya ba laifinsa ba ne, ni ne na ɗora masa abin da ba nasa ba. Akwai wani wuri a daɓen motar gefen fasinja da ban so a yanke ba saboda babu rami a ido, na ce wa Baba mai walda a bar min nan zan yi masa magani. Ya ce to ɗana, shafa. Na shafa ya yi baƙi ya yi kyau, washegari ya zo ya ɗauki sukudireba ya danna da hannu ɗaya, sai ga ta ta ɓulla ƙasa. Ruwan ya juya ta sama ne kawai, cikin kuwa ya zama kamar wainar da aka jera, falle-falle, babu sauran ƙarfe. Kuma abin da ya sa wannan ba wasa ba ne, salun ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota, bodin ne gaba ɗaya ke ɗauke da nauyinta, daɓen da dogayen ƙarafan nan na ƙarƙashin ƙofofi su ne ƙashin bayanta. Idan suka ruɓe ka shafa musu baƙi ka rufe, ka ɗauki iyali ka hau titin Zariya, ranar da wani abu ya faru motar naɗewa za ta yi. Don haka muka yanke, ya auna sabon falle ya buga shi da guduma har ya ɗauki siffar na asali, ya yi waldarsa ɗigo-ɗigo yana tsallakewa yana dawowa don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Daɓen nan kaɗai ya ci mana kusan wata huɗu saboda Asabar da Lahadi kawai nake samu, kuɗin ma sai an yi albashi.

Akwai abubuwan da suka ba ni haushi game da ruwan kansa, kuma ya kamata mai saye ya sani. Bayanin da ke jikin robar don ƙasashe masu sanyi aka rubuta shi. Na taɓa shafawa da azahar a watan Afrilu, ƙarfen ya ɗau zafi, kafin ya gama aikinsa ya bushe ya bar wani fari-fari kamar alli, tsatsar kuma tana nan ja a ƙasa, sai da na sake kankarewa. Tun daga nan bayan asuba nake yi, a inuwa, kafin rana ta ɗaga. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, tana sauka a kai tun yana ɗanye ta manne, sai ka kewaye wurin da leda ko tsohon zani. Sannan kar ka kuskura ka tsoma buroshi a cikin robar kai tsaye ko ka mayar da ragowa ciki, roba ta farko haka na lalata kusan rabinta, 'yar tsatsar da ta bi buroshin ta juya ruwan ya yi duhu ya daina aiki. Zuba kaɗan a gwangwani, abin da ya rage a zubar.

Wani abin da ya fi ci min rai shi ne cikin but. Na shafa shi har kan wuraren da na riga na goge suka yi fes, ina ganin ƙari ne, ashe a kan ƙarfe mai tsabta ba shi da abin da zai juya, sai ya kwanta kawai a kai. Na fesa firaima, bayan 'yan makonni na sa farce sai ga shi yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Aikin sati biyu ya tafi. Daga baya na karanta takardar firaimar da kyau na ga su ma sun yi gargaɗi kan fesa ta a inda aka sa asid ba a wanke ba. To dan Allah a karanta takardun biyun tare, ta ruwan da ta firaimar, kafin a haɗa su. Haka kuma duk inda za a yi walda sai an goge shi tas, in ba haka ba waldar ba ta kamawa da kyau ga hayaƙi mai shaƙe mutum. Safar hannu da tabarau kuma dole ne, asid ne, ya taɓa fantsama min a gefen ido na sha wanki da ruwa, yatsuna kuwa sun yi kwanaki da baƙi kamar na sa lalle.

Cikin dogayen ƙarafan ƙarƙashin ƙofa ma bai yi min amfani ba don ba ka ganin abin da kake yi, ba ka iya kaɗe ɓawon, zubawa kawai za ka yi ka yi fata. Baba mai walda ya ce su a da baƙin mai suke narkawa da giris su ɗura, kuma na yarda yana hana tsatsa don na ga ƙarƙashin injin motar nan inda mai ya yi shekaru yana yoyo, ko ɗigon ja babu. Amma yana cin roba kuma yana ɗiga a tsakar gida, sai na nemo irin mai kakin nan da ake fesawa da dogon tiyo, bayan an gama walda da fenti, muka kuma buɗe duk ramukan fitar ruwa da ke ƙasan ƙofofin.

Idan motarka tsatsar sama ce, ko ƙofar gida ce ta ƙarfe ko tankin ruwa ta waje ko ƙafar janareto, saya, zan sake saye ni ma. Idan sukudireba na shiga, ajiye kuɗinka ka kai wa mai walda, kuma ka tsaya a kansa ka ga an yanke da idonka, ka tafi da maganaɗisu a aljihu.

Yanzu dai bodin yana cikin firaima ruwan toka, ƙofofi huɗu sun koma, injin ɗin nan mai silinda huɗu mun juya shi da hannu ya juya, saura wankin kafireta da lagireto da duk layin birki. Robar gilashin gaba nake nema mai kyau wadda ba ta daɗe a ajiye ta bushe ba, don ba zan sa kafet ba sai na tabbatar ruwa ya daina shiga. Satin da ya wuce Hajiya ta fito ta ce in buɗe mata gaba, ta zauna a kujerar da ko yadi babu, ta shafa dashbod ta yi wa Baba addu'a, sannan ta ce in dai za a yi fentin to farin nan nasa za a mayar, kar in sake in canza.