Marvel Rivals a Katsina: gem ɗin ya yi, amma sabis ne ke yanke hukunci

Kamfanin NetEase na ƙasar Sin ne ya saki Marvel Rivals ranar 6 ga Disamba 2024, da jarumai 33, a kan PS5 da Xbox Series da kwamfuta, kuma kyauta. Cikin kwana 3 mutum miliyan 10 suka shiga. A Satumba 2025 aka ƙaro na PS4, wanda shi ne ya fi shafar mu, tunda har yanzu PS4 ce ta fi yawa a ɗakunan samari da shagunan gem na garin nan. A ganina, cikin duk gem ɗin jaruman Marvel da DC (masu su Batman da Superman) da aka yi don a buga da jama'a, babu wanda ya kai wannan iya sa mutum ya ji yana buƙatar ɗan'uwansa. Matsalarsa a wajenmu ba ta cikin gem ɗin ba ce, ta hanyar da zai bi ya iso mana ce.

Mutum 6 ne ke karawa da mutum 6, kana hango jaruminka ta bayansa. Wasan iri uku ne galibi: ko a kama wani fili a riƙe shi, ko a raka wata mota har inda za ta, ko a haɗa biyun. Jaruman kuma kashi uku. Vanguard su ne ƙarti masu jini da yawa, wato ma'aunin ran jarumi, irin su Hulk da Groot da Doctor Strange da Magneto, aikinsu su tsaya gaba su sha duka. Duelist su ne masu kisa, irin su Punisher da Hela da Iron Man da Spider-Man. Strategist su ne masu ƙara wa 'yan'uwa jini, irin su Luna Snow da Mantis da Rocket Raccoon. Yawancin masu kisa da masu ba da jini jininsu bai wuce 250 zuwa 300 ba, na ƙartin kuwa ya ninka haka ko ya fi.

Ba a tilasta wa kowa ɗaukar wani kashi. Nan daɗin yake, nan kuma faɗan yake. Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne biyu-biyu-biyu, amma in ka shiga da baƙi sau da yawa za ka ga mutum huɗu ko biyar sun yi rububin masu kisa, kamar ƙungiyar ƙwallon da kowa ya ce shi ɗan gaba ne aka rasa mai tsaron raga. Abin da ke biyo baya sananne ne: babu mai tare harsashi, mai ba da jini shi kaɗai ne, da an kashe shi sauran sai su zube ɗaya bayan ɗaya. Gyaran yana hannun 'yan wasa, domin ana iya canza jarumi a tsakiyar wasa daga ɗakin da ake farfaɗowa. Wanda ya iya jarumi ɗaya a kowane kashi ya fi gwanin Spider-Man da bai iya komai ba sai shi amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burge masoya shi ne haɗin gwiwar da ake kira Team-Up. In aka ɗauki wasu jarumai tare, sai wata dabara ta buɗe wadda ɗayansu shi kaɗai ba shi da ita. A farkon fitowar gem ɗin, Rocket na hawa kafaɗar Groot yana harbi daga can, dukan da ke samunsa ya ragu. Hulk na ɗaukar Wolverine ya wurga shi tsakiyar abokan gaba. Hela in ta kashe mutum, Thor ko Loki da ya mutu yana iya tashi nan take. Wanda ya san labaran jaruman zai ga ba a banza aka haɗa su ba, galibi abokai ne ko 'yan gida ɗaya tun a littattafan zane. A wajen wasa kuma yana sa tun a wurin zaɓe a fara magana: "Malam, ɗauki Groot mana, ni zan ɗau Rocket." Sai dai kada mutum ya haddace su ya kwanta, kowane zango, wato lokacin da kamfanin ke sabunta gem ɗin, ana cire wasu a kawo sababbi, kuma tun zango na 3 a Yuli 2025 zangon ya koma wata 2, kusan kowane wata da sabon jarumi.

Filayen ma ba a tsaye suke ba. Bango na rushewa, gada na karyewa, wurin da maharbi ya laɓe a sama ana iya farfasa shi ya faɗo. Doctor Strange na buɗe ƙofa a iska daga wuri zuwa wuri, mutum shida su bi ta ciki su ɓullo bayan abokan gaba, harsashi ma yana bi ta cikinta. Groot na dasa katanga, kuma a nan ake gane wanda ya iya shi: gwani yana dasa ta bayan ƙaton abokan gaba don ya raba shi da masu ba shi jini, ɗan koyo kuwa yana dasa ta bayan kansa ya toshe nasa masu jinin, ya mutu yana zargin su. Akwai kuma Jeff, ɗan ƙaramin kifin nan mai ƙafafu, wanda ke haɗiye mutane da yawa lokaci guda ya je bakin rami ya tofar da su. Duk wanda aka taɓa yi wa haka ba ya sake tsayawa a cunkushe in ya ji ƙarar tahowarsa.

Inda ake cin wasa ko a faɗi shi ne babban makamin kowane jarumi, wanda ke cika a hankali gwargwadon duka ko jinin da ka bayar. Kowa yana da kalmar da yake faɗa da ƙarfi in zai sake shi, don haka kunne ya fi ido aiki, kuma wanda ke bugawa da lasifikar talabijin a ɗaki mai hayaniya ya riga ya yi asara. A nemi abin sawa a kunne ko da mai araha ne. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in Luna Snow ta fara rawarta, kusan sakan 10 ba wanda zai mutu a kusa da ita, to kada ka ɓarnatar da naka makamin a lokacin, ka jira ta gama. Masu ba da jini biyu kuma kada su saki nasu tare, ɗaya ya bi bayan ɗaya. A nan nake da ƙorafi a kan tsarin. In ƙungiyoyin biyu suka ɗauki masu jini uku-uku, wasan kan zama jiran juna, kowa na harbi ba mai faɗuwa. A gasar matsayi, wato wasan da ake tara maki don hawa mataki, an rage abin da damar hana wasu jarumai shiga, wadda tun zango na 2 take farawa daga matakin Gold, amma a wasan yau da kullum sai haƙuri.

To, batun sabis. Babu yadda za a buga Marvel Rivals ba intanet, kuma manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa suna nesa da mu, wadda aka fi faɗawa ita ce ta Frankfurt a Jamus. Lambar da ake kira ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da wuya a gan ta ƙasa da 100 daga nan. Da 120 ko 140 ana wasa lafiya in ta tsaya wuri ɗaya. Abin da ke kashe mutum shi ne tsalle-tsallenta: yanzu 130, an jima 300, sai ka ga jaruminka ya koma inda ya baro, ko an kashe ka bayan ka riga ka shige bayan bango. Ƙarfin saukar da fim ba shi ne ma'auni ba, layin da ke saukar da bidiyo da gudu yana iya zama mara amfani a nan.

Abubuwan da ke taimakawa ba su da yawa. A haɗa na'urar da rauta da kebul maimakon wayales. In dole sai wayales, a zauna kusa a kama tashar 5GHz ta rautar. A ajiye rautar a bakin taga, ɓangaren da sabis ya fi ƙarfi. A hana sauran wayoyin gida kallon bidiyo a kan layin yayin wasa, domin TikTok ɗin ƙanwarka kaɗai ya isa ya rikita lambar. Tsakanin magariba da sha ɗayan dare layuka kan cunkushe, bayan asuba da tsakar dare sun fi sauƙi. Sannan a zaɓi jarumin da ya dace da layin. Spider-Man da Black Panther da Hawkeye suna son dannawa daidai kan lokaci, jinkiri kaɗan ya ɓata komai. Cloak da Dagger wuƙaƙensu na bin mutum da kansu, Scarlet Witch ma haka wutarta ke kamawa, ƙwallayen jinin Rocket na dukan bango su dawo, Peni Parker kuwa sheƙarta da nakiyoyinta na aiki ko da kai ka maƙale. Mai bugawa daga Ƙofar Ƙaura ko Daura da layin waya, waɗannan ne nasa.

Wasan kansa ba ya cin data sosai, saukar da shi ne aiki. A kwamfuta, lokacin da ya fito a 2024, ana neman wuri gigabait 70, da RAM 16, da katin hoto akalla GTX 1060 ko RX 580, wato yawancin laftof ɗin ɗalibai ba za su ɗauka ba. Kowane sabon zango kuma da sabuntawa mai nauyi, ba a shiga sai an sauke ta, gara a bar ta ga datar dare. Sai wuta. PS5 na jan wajen wat 200 a cikin wasa, in aka ɗauke wuta kana tsakiyar gasar matsayi kuma ba ka dawo da wuri ba, za a rage maka maki a hana ka shiga na ɗan lokaci. Saboda haka na'urar da talabijin da rautar duk su hau inbata ko UPS. Mutane kan manta da rautar, alhali mutuwarta kaɗai ta isa. A watannin Maris zuwa Mayu kada a kulle na'urar cikin kabad, a lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙurar ramukan iskarta.

Ta fuskar kuɗi sun yi adalci. Duk jaruman kyauta ne, har sababbin, kaya da ado kawai ake sayarwa, kuma ba sa ƙara wa kowa ƙarfi. A PlayStation ba a buƙatar PS Plus, rajistar da ake biya don wasa ta intanet. Wanda ya tuna Marvel's Avengers na 2020, da aka saye shi da tsada sannan aka daina kula da shi a Satumba 2023 aka cire shi daga kasuwa, zai gane darajar wannan.

Masu shagon gem fa, su yi lissafi kafin su saka shi. Ba a raba allo biyu, mutum ɗaya ne kan na'ura ɗaya da talabijin ɗaya, kuma wasa guda kan ci minti 10 zuwa 15 ba a tsayar da shi. Shagon da ke karɓar kuɗi kan kowane wasa tsakanin mutum biyu ba zai fitar da kuɗin mai da data da wannan ba, sai dai a koma biya na awa. Ga irin wannan shago har yanzu Injustice 2 na 2017 ne ya dace: pad biyu, allo ɗaya, ba intanet, Batman da Superman da sauransu, jarumai 38 a bugun Legendary Edition. Shi ma yana da nasa wayon, musamman cacar nan da ake yi da ma'aunin ƙarfi sau ɗaya a wasa bayan jinin farko ya ƙare, inda kowa ke zuba nasa a ɓoye, wanda ya fi zubawa ya ci. A dai kunna tsarin gasa da ke kashe ƙarfin sulken da ake tarawa, in ba haka ba wanda ya ɗauki jarumin da mai shago ya daɗe yana ginawa zai riƙa cin kowa, rigima ta tashi.

Marvel Rivals ya fi dacewa da abokai uku zuwa shida, kowa a gidansa da layinsa, a haɗu a ƙungiya ɗaya ana magana ta murya. Mutum uku ma sun isa su juya wasa, in ɗaya ya ɗauki ƙato, ɗaya mai jini, na ukun ya cike gurbin da baƙin suka bari. Masu PlayStation da Xbox da kwamfuta duk suna haɗuwa a wasan yau da kullum, amma a gasar matsayi an ware masu kwamfuta daban, don haka kafin a fara hawan matsayi tare sai a tabbatar kowa na gefe ɗaya.