Na kai ƙanena awon elektroforez a wani labo nan Maraɗi, ga abin da na gani

Jama'a salamu alaikum. Tun satin da ya wuce nike son rubuta wannan, gyaran takardun yara ya hana ni sakat.

Autanmu ne zai yi aure, an kai gaisuwa har magana ta kai ga sa rana, ni kuma na kafe na ce ba rana sai an yi awon jini. Mun binne ɗan yayarmu yana shekara 9 saboda emasi, sikila kenan a bakin 'yan Najeriya, kuma duk wanda ya taɓa kwana a likita riƙe da yaro yana kukan ƙashi ba sai an yi mishi wa'azi ba. Gidan yarinyar suka aiko cewa ai ita an taɓa yi mata, lafiyarta lau. Na ce a kawo takardar in gani. Abu biyu ne a ciki, rukunin jini O+ da awon Emmel, negatif. Elektroforez, awon da ke nuna irin hemoglobin ɗin da mutum ya gada, babu shi.

To a nan mutanenmu da yawa ke ruɗewa. O+ ɗin nan maganar ƙarin jini ce, ba ruwanta da emasi ko kaɗan. Shi kuma Emmel ɗigon jini ne ake haɗawa da wani magani mai janye iskar oksijan, a leƙa a madubin likita a ga ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. In sun lanƙwashe akwai S, wato irin hemoglobin na emasi, shi kenan abin da ya sani, ba zai ce maka AS ne (mai ɗauke da shi kawai) ko SS (mai ciwon) ba, C kuwa, wani irin hemoglobin daban, ko ganinsa ba ya yi.

Labon mai zaman kansa ne, ba zan faɗi sunansa ba don akwai inda zan kushe su. Ƙarfe takwas muka isa, ni da auta a kan mashin ɗina, yarinyar da innarta a adaidaita. Jika shida kowane mutum, kuma kamar kullum wai babu canji, sai da auta ya fita wajen mai shayi ya fasa. Wajen tsabta ban ga abin faɗi ba, allura a gabanmu aka ɓare ta daga leda, safar hannu sabuwa, jinin aka zuba a 'yar kwalba mai jan murfi da ya yi shuni-shuni, aka rubuta lamba a jiki tun muna tsaye. Abin da ya fara sa na yarda da su tambayar da matashin mai ɗibar jinin ya yi kafin ya huda, ya ce Hajiya an taɓa ƙara wa ɗiyar nan jini cikin wata uku da suka wuce? Wannan tambaya ba ta cika baki ba ce. Jan ƙwayar jini tana kai kwana 120 a jiki, in an ƙara ma mutum jinin mai AA kwanan nan to jinin aron zai fito a awon, mai SS sai ya koma kamar AS a takarda.

Sai kuma ɓacin ran. An ce mu dawo gobe, na dawo, wai ba a kunna na'urar ba sai samfur ya taru. Jibi na koma an ɗauke wuta, gurub ɗinsu ba mai. Sai zuwa na uku. Ni ban ƙi a tara samfur ba, na san kayan aikin da tsada, amma a gaya ma mutum gaskiya tun farko mana, Talata ce ko Juma'a, ba a bar shi yana ƙona esans cikin ranar Maraɗi ba. Wanda ya fi ci mini rai, matar da ke kes ta miƙo resulta haka nan tsirara ba ambulan, har tana ɗaga murya tana karanta haruffan, benci cike da mutane. Garin nan wa bai san wani ba? Maganar auren ɗiyar mutane ce fa. Na ce mata Hajiya don Allah a hankali, ta dube ni kamar na zage ta.

Auta AS. Yarinyar AC.

Auta ya ce Yaya to ai ita ba ta da S, an wuce wurin ko? Ban ba shi amsa ba, na ce a kira min wanda ya yi aikin. Da ya ji ni mushe ne, fizik da shimi nike koyarwa a kolej (mutanen Katsina ku daina dariya, mushe a nan malamin lakwal ne), sai ya ce Mushe shigo ka gani da idonka. A nan kuɗina suka halatta.

Na'urar ba wani abin kallo ba ce wallahi, akwatin roba ne bai fi faranti ba, rami biyu da ruwan magani a ciki, waya ja da baƙa sun tafi ga wani ɗan akwati mai ba da kuran na volt ɗaruruwa. Ana fasa ƙwayoyin jinin tukuna don hemoglobin ya fito, wato sinadarin da ke sa jini ja yana ɗaukar oksijan, a ɗiga shi a kan wata farar takarda mai kamar leda da aka jiƙa, a ɗora ta kamar gada tsakanin ramukan biyu, a kunna. A cikin wannan ruwan, da yake mai kanwa-kanwa ne wajen pH 8.6, hemoglobin yana ɗauke da cajin mwan, wato kishiyar plus, don haka gefen plus ke jan sa. Ire-iren hemoglobin ɗin nauyinsu kusan ɗaya ne duka, bambancin yawan cajin ne. A ya fi caji sai ya yi gaba, F na jarirai na bin sa, S a baya, C can ƙarshe kamar jakin da bai ci dusa ba. Bayan kamar rabin awa a kashe, a tsoma takardar a jan rini a wanke, sai ka ga layuka sun fito reras kowa a inda ya tsaya. Ni abin ya tuna min shiƙar hatsi, iska ɗaya ce ke kaɗawa amma tsaba ta faɗi nan ƙaiƙayi ya faɗi can, sai dai nan kuran ne a madadin iska.

Ya ɗaga takardar a haske. Layin farko na gwaji ne, jinin da aka riga aka san abin da ke ciki, da shi ake auna sauran. Na auta layi biyu, A da S. Na yarinyar layi biyu, A da wani can baya daidai da C na gwajin. Na kira auta na ce zo ka gani kai ma, ba sai an ce maka ba.

Shekara nawa ina rubuta ma yara a allo cewa plus na jan mwan, ban taɓa ganin darasin ya shiga maganar aure ba sai ran nan. Wani Baswide Arne Tiselius ne ya gyara dabarar a shekarun 1930, ya ci kyautar Nobel a 1948. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka sa jinin masu sikila a irin wannan awo suka ga tafiyarsa daban da ta sauran, daga nan aka gane ciwon a cikin hemoglobin ɗin kansa yake. Wajen 1957 Vernon Ingram a Ingila ya gano wurin, ƙwaya ɗaya tak a gurbi na 6 na sarƙar beta, ɗaya daga sarƙoƙin da suka haɗa hemoglobin, glutamat mai caji ya fita valin marar caji ya shiga. A C kuma lizin ne ya shiga gurbin, shi cajin plus ma gare shi, shi ya sa C ya fi kowa nawa. Ƙwaya ɗaya cikin 146 na sarƙar jama'a, ita ce duk kwanan likitan nan. Da irin wannan jan kuran ake jera guntayen DNA a awon gado.

Mai aikin bai ɓoye min raunin awon ba, kuma wannan ya ƙara mishi daraja a idona. Ya ce a wannan takardar akwai masu tsayawa wuri ɗaya, D yana tsayawa inda S yake, E da O-Arab suna tsayawa inda C yake, in ana son tabbaci sai a sake a ruwa mai tsami ko a kai inda ake da babbar na'ura, ya ambaci cibiyar emasi ta ƙasa a Yamai. Ya ce amma a yankinmu in ka ga layi a nan galibi C ne, ya fi yawa wajen Burkina da arewacin Gana amma muna da shi. Jariri sabon haihuwa ma ya ce F ke cika takardar, karatun nasa sai wanda ya iya.

Sai lissafin, da bik a bayan tike ya zana mana. AS da AC, kowane ciki akwai kaso ɗaya cikin huɗu na AA, ɗaya AS, ɗaya AC, ɗaya SC. Kowane ciki fa, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai ba, ana iya jera biyu ana iya haifar shida ba ko ɗaya. SC yawanci bai kai SS tsanani ba amma ciwo ne, yana tashi, yana taɓa ido, yana cin ƙashin ƙugu. Bai ce ku fasa ba bai ce ku yi ba, ya ce ku je ku ga likita ku zauna da manya. Innar yarinyar ta ce ɗana to ita wannan C ɗin ciwo ce a jikinta? Ya ce a'a Inna, ɗiyarki lafiyarta ƙalau, shi ma yaron haka, haɗuwar ce abin dubawa. Na ji daɗin wannan amsa don tun a benci na ga matar ta fara share ido da gefen hijabi.

In za ku je, ku ce elektroforez ɗin hemoglobin kuke so da bakinku, kar a yi muku Emmel a ce an gama. Ku tambayi ranar da suke kunna na'ura kafin ku biya, ku tafi da canji, ku ce a sa resulta a ambulan, kuma ku nemi a nuna muku takardar layukan tare da layin gwaji, in labo ya ƙi nunawa ni dai ba zan koma ba. Ɗakin awon na ba su takwas cikin goma, kes da alƙawarin gobe-jibi uku ma don kunya.

Maganar auren tana hannun Baffa yanzu. Ya ce a sake awon a wani wuri daban kafin kowa ya buɗe baki, mun sa ranar Litinin. Auta kwana uku kenan bai je fada ba, takardar tana ninke cikin aljihun rigarsa.