Kare Mai Ciwon Suga, Ga Kuma Cushing: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Bari?

A Jidda da Riyad, karen gida sau da yawa na maigida ne a suna kawai. Wanda ke ba shi abinci, ya yi masa allura, ya ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi, ɗan'uwanmu ne mai gadi ko direba, ko mai kula da istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari. Akwai kuma namu da aka haifa a nan, masu karen gadi a gona ko karen farauta. Idan kana cikinsu, kuma karenka da ma yana karɓar allurar insulin, sai ga likita ya ce yana da Cushing, to ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Za a miƙo maka jerin abubuwan saye, wasu dole, wasu ɓarnar riyal.

Fara da fahimtar yadda cututtukan biyu ke cin karo. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke fitar da sinadarin kotizol. A Cushing, sinadarin ne ke yin yawa, kuma a wajen karnuka 80 zuwa 85 cikin 100 tushen abin wani ɗan ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, da ke ta aika wa halittar nan umarni ba hutawa. Sauran kuwa ƙarin yana jikin halittar kan ƙodar kanta. Kotizol yana hana insulin aiki. Shi ya sa kake ta ƙara allura amma suga ya ƙi sauka, kare na shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana haki ko a ɗaki mai sanyi, ciki ya yi tulu, gashi na kakkaɓewa a kwiɓi biyu, fata ta yi siriri. To ranar da maganin Cushing ya fara aiki, insulin ɗin da jiya bai isa ba yana iya yin yawa yau. Duk zaɓin da za ka yi, ka yi shi da wannan a ranka.

Kafin ka biya kuɗin ƙwaya ko guda, tabbatar da cewa Cushing ɗin ne. Karen da sugansa ya daɗe a hargitse jikinsa a wahale yake, kuma wahala kanta tana ɗaga kotizol, sai gwaji ya nuna cutar da babu. Gwaji biyu aka fi yi. Ɗaya na allurar ACTH, ana ɗibar jini kafin allura da kamar awa guda bayanta. Ɗayan na deksametazon, kare zai wuni a asibiti, a ɗebi jini da farko, sai bayan awa 4, sai bayan awa 8. Na biyun ba ya cika kuskuren barin mai cutar ya wuce, amma ya fi saurin ɗora wa mai suga laifin da ba nasa ba. Gwajin fitsari ya fi arha, sai dai amfaninsa kore zargi ne kawai: in ya fito lafiya, da wuya a ce Cushing ne, in ya fito sama kuma bai tabbatar da komai ba. Hoton ciki na sikanin ya cancanci kuɗinsa, don shi ke nuna ko ƙarin a kan ƙoda yake. Sannan ka faɗa wa likita gaskiya in an taɓa ba karen firednisolon ko wani man ƙaiƙayi ko ɗigon kunne mai kotizon na tsawon lokaci. Waɗannan suna haifar da alamu iri ɗaya, kuma maganin wannan shi ne janye su sannu a hankali, ba a yanke su dare ɗaya ba.

Idan ta tabbata, magani biyu ne ke gaban tebur da gaske. Tirailosten, wanda kamfanin Dechra ke sayarwa da sunan Vetoryl, shi likitoci suka fi farawa da shi yanzu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga karnuka a 2008. Aikinsa toshe hanyar haɗa kotizol na wasu awoyi, ba ya cinye halittar da gangan, saboda haka in an ga matsala aka tsayar, galibi jiki na farfaɗowa. Yana zuwa a kafso na miligiram 10, 30, 60 da 120, wasu wurare har da 5. Ga mai suga, raba shi safe da yamma ya fi a ba shi sau ɗaya, domin ƙarfinsa ba ya kai awa 24, kuma in kotizol ya tashi da dare sai suga ya bi shi. Likitoci da dama na farawa da wajen miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin kare, sau biyu a rana, tare da abinci. Lissafa da karen kilo 20: miligiram 20 da safe, 20 da yamma, wato kafso biyu na 10 kowane lokaci. Ƙananan kafso sun fi tsada in ka auna da miligiram, sai zuciya ta raya maka ka sayi na 60 ka buɗe ka rarraba garin. Kada ka yi. Ba a buɗe kafson, kuma mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi. Kada kuma ka cika gida da kwalaye tun ranar farko; akan sake gwaji bayan kwana 10 zuwa 14, sai a wata guda, sai a wata uku, kuma adadin yakan canza a tsakanin.

Na biyun shi ne maitoten, mai sunan kasuwa Lysodren, tsohon magani, ɗan'uwan maganin ƙwari DDT a sinadari, wanda ake ba mutane masu kansar halittar kan ƙoda. Shi cinye ɓangaren halittar yake yi. Akan fara da kwanakin lodi, kullum ana ba shi ana lura da cin abincin kare da shan ruwansa, da zarar sun ragu a tsaya, daga nan a koma 'yan lokuta a mako. Yana aiki, ba a musu. Amma ga mai suga ban ba da shawararsa a matsayin na farko ba, musamman idan mai kula da karen yana da wasu ayyuka goma a wuyansa. Kotizol na iya faɗuwa cikin kwanaki kaɗan, buƙatar insulin ta faɗi tare da shi, kuma abin da aka cinye ba lallai ya dawo ba.

Za ka ji ana ambaton selejilin da ketokonazol. Na farkon yana taimaka wa kaɗan ne, na biyun yana wahal da hanta, hantar da suga da kotizol suka riga suka kumbura. Gaurayen ganyayyakin da ake talla a intanet da hoton kare mai sheƙin gashi, wuce su. Tiyata kuwa tana da wurinta idan ƙarin yana kan ƙoda ɗaya kuma bai bazu ba, sai dai aiki ne mai haɗari da ke buƙatar ƙwararre. Cire ƙarin ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ana yinsa a cibiyoyi ƙalilan, irin jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ba abin da yawancinmu za mu sa a lissafi ba ne.

Tambayar da ta fi sunan magani muhimmanci a ƙasar nan ita ce: asibitin yana da shi kullum, ko sai an yi oda? Magungunan dabbobi suna ƙarƙashin Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, kuma saye ta asibiti mai lasisi ya fi saye a hannun wani da ya ce ya shigo da shi a jaka. Tirailosten da ake haɗawa da hannu a wasu wurare ya fi arha, amma an auna irinsa an tarar ƙarfin kafso ɗaya ba ya daidai da na wani. Tambayi kuma ko suna da allurar ACTH ta gwaji. In babu, akwai hanyar auna kotizol gab da lokacin shan kafso, wadda ake amfani da ita a Turai. Wanda ke gabashin ƙasar yana kusa da kwalejin likitancin dabbobi ta Jami'ar Sarki Faisal a Al-Ahsa, in ana neman ra'ayi na biyu.

Batun insulin gajere ne: in wanda yake kai yana samuwa, kada ka canza shi a makon da ka fara maganin Cushing, don in abu ya rikice ba za ka san wanne ya jawo ba. Caninsulin na dabbobi ne, ƙarfinsa yunit 40 a kowace mililita, ana girgiza shi sosai har ya zama fari kamar madara. Daga alade ake samo shi, domin insulin ɗin alade da na kare iri ɗaya ne sak. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da taɓa kwalbar ba yana iya tambayar likita game da na mutane nau'in NPH, irin Humulin N ko Insulatard, da ake haɗawa a masana'anta, ana kuma samun insulin na mutane a manyan kemis irin Nahdi da Al-Dawaa. Shi murza shi ake yi a tafin hannu a hankali. Amma ƙarfinsa yunit 100 ne, kuma nan ne ake kashe kare ba da niyya ba. Kowane ƙarfi da sirinjinsa. Ka zuƙi insulin mai ƙarfin 100 da sirinjin 40 zuwa layin 10, ka ba kare yunit 25 ke nan, ninki biyu da rabi. Sirinjin 40 yawanci murfinsa ja ne, na 100 ruwan lemo, amma rubutun jikinsa za ka karanta. Duk ranar da aka canza insulin, kwashe tsofaffin sirinji daga gidan gaba ɗaya.

Zafi ma abokin gaba ne. Kwalba na son firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba jikin bangon baya inda take iya daskarewa ba. A bazarar Riyad da zafi ke haura 45, kwalbar da aka bari a mota aka shiga sallar La'asar ba abin dogaro ba ce kuma. 'Yar jakar sanyi ta fi araha a kan sabuwar kwalba.

Inda nake so ka saki hannu shi ne awon suga, don shi ne zai gaya maka lokacin rage allura. Na'urar mutane tana ko'ina kuma tsinkenta da sauƙi, sai dai a jinin kare takan nuna ƙasa da gaskiya. AlphaTrak an daidaita ta don kare da kyanwa, amma ka tabbatar tsinkenta na samuwa kafin ka sayi na'urar, in ba haka ba ka sayi abin ajiya. Sai FreeStyle Libre, maɓallin da ake mannawa a fata bayan an aske gashi a gefen wuya, yana aiki har kwana 14 kana dubawa da waya. Na mutane ne, amma an gwada shi a karnuka ya yi kyau. A ganina babu sayen da ya kai shi daraja a makonnin farko na tirailosten, domin yana nuna abin da ke faruwa da tsakar dare lokacin da kowa ke barci. Aibinsa biyu: yana iya ɓallewa kafin lokacinsa, kuma fatar mai Cushing siririya ce, sai an cire shi da lallami. In ya nuna suga ya yi ƙasa sosai, tabbatar da ɗigon jini daga kunne. Akasari ana so suga ya riƙa yawo tsakanin 100 da 250 a ma'aunin mg/dL; ƙasa da 70 kuwa ba a jira. Rawar jiki, tangaɗi, ido ya yi wani iri: shafa zuma ko dibis na dabino a dasashi, ba ɗura ba, sannan a kira likita.

Ƙara kwalin tsinken fitsari mai nuna kiton, sinadarin da ke gurɓata jini idan suga ya haura. Dalili shi ne amai, gudawa, ƙin abinci da kasala suna iya nufin tirailosten ya yi yawa, suna kuma iya nufin suga ya haura har jini ya gurɓata. Ko wanne ne, tsayar da kafson, kada ka yi cikakkiyar allura ga karen da bai ci ba, ka nufi asibiti. Kofin awo da littafi ma sayayya ne: karen da ke shan fiye da mililita 100 ga kowane kilo a rana yana shan da ya wuce ƙima, kuma raguwar wannan adadi ita ce alamar farko cewa magani ya kama. Kada dai a rage masa ruwa don yana fitsari a tsakar gida.

Abinci na musamman irin Hill's w/d ko Royal Canin Diabetic yana da kyau in maigida zai ɗauki nauyinsa kowane wata. In ba zai iya ba, abinci ɗaya mai ƙarancin kitse, awo ɗaya, lokaci ɗaya, ya fi na tsada da ake saye yau a rasa gobe. Ragowar kabsa da mandi ita ce za a hana: ga kitsen rago mai tayar da ciwon saifar suga, wato halittar da ke fitar da insulin, ga albasa da zabibi, dukansu guba ga kare. Gaya wa mai dafa abinci da yaran gida, don su ne masu tausayin ɓoye. In kariya ce da ba a cire wa mahaifa ba, yi maganar da likita, domin duk zagayowar lokacinta sugan zai sake hargitsewa. Yanar ido kuma tana kama mafi yawan karnuka masu suga, don haka ka sanar da maigida tun yanzu kada ranar ta zo a ce sakacinka ne.

Allura da kafso suna tafiya awa 12 tsakani, kuma azumi ba ya canza wannan ko da gidan duka ya koma rayuwar dare. Zaɓi lokutan da za ka iya riƙewa duk shekara, misali shida na safe da shida na yamma. Kafin ka tafi Umara ko ka karɓi hutun zuwa gida, wanda zai maye gurbinka ya yi allurar a gabanka na wasu kwanaki, ka manna masa takarda a ƙofar firji da adadin yunit, irin sirinjin, adadin kafso da lambar asibitin da ke buɗe da dare, da Larabci da kuma yaren da shi yake karantawa.