ThinkPad X230 'yar gwanjo da Linux Mint: ta fi mini sabuwa mai araha

Duk wanda ya tambaye ni ƙaramar kwamfutar cinya da zai saya da kuɗi kaɗan ya ɗora mata Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, amsata ɗaya ce: ya nemi ThinkPad X230 ta hannu. Tun 2012 aka ƙera ta, allonta inci 12.5, kuma tawa mai injin Core i5-3320M ce. A kanta nake buga wa ɗalibai takardu.

Kafin ita na yi amfani da wata sabuwa fil, siririya, daga cikin masu arahar nan. RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, 4GB ne a liƙe jikin allon ciki, ba halin ƙari, ma'ajiyarta kuma eMMC ce, irin wadda ake liƙawa a ciki, mai 64GB. Da na sa mata Linux sai Wi-Fi ya ƙi tashi, sai da na jona waya da kebul na sauko da manhajar katin. Ranar da ma'ajiyar ta mutu, mai gyara ya juya ta ya miƙo mini, ya ce, "Malam, wannan sai dai haƙuri."

X230 kuwa komai nata a kwance ake kwance shi. Gurbin RAM biyu gare ta, tana ɗaukar har 16GB. Na cire tsohon faifanta na sa SSD, ma'ajiya mai sauri, nan take ta farfaɗo. Kusoshi biyu za ka kwance kibod ɗin ya fito, ka hure ƙurar da ta taru a fanka, abin da duk mai aiki a Kano lokacin hunturu ya san ba ƙaramin al'amari ba ne. Batir ɗinta daga waje yake, ana zare shi da hannu, kuma akwai babba mai sel 9 ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu.

Linux Mint na sa mata, wani nau'in Linux, mai fuskar Xfce marar nauyi. Katin Wi-Fi na Intel ne, don haka tun da na tayar da Linux daga filashi ya kama. Sauti, kyamara, maɓallan hasken allo, barci da farkawa idan an rufe murfi, babu wanda na taɓa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne tsarin kibod na Hausa yana nan cikin saituna, ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa ba tare da na sauko da komai ba. Ga shi wa'adin tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar injin zamanin X230 a hukumance.

Tana da nata rauni. Allon 1366x768 ne, kuma yawancinsu nau'in TN ne mai dishi-dishi idan ka kalla ta gefe. In ka dace da mai allon IPS, wanda ake gani tar ko ta gefe, kar ka tsaya dogon ciniki. Tana tantance batir, wanda ba na asali ba yana iya ƙin caji, saboda haka a gwada shi a shagon. Katin Wi-Fi ma ba kowanne take yarda da shi ba. Bidiyo mai nauyi yana sa fankar ta yi ta huci.

Ka tafi kasuwa da filashinka mai Linux, ka roƙi mai shago ka tayar da ita a gabansa, ka danna kowane harafi, ka girgiza murfin ka ji ko maƙalarsa ta saki. Cajarta mai zagayen baki ce, 20V, kada a haɗa ka da mai baki murabba'i ta X240, samfurin da ya biyo bayanta.