Na'urar Michelson ta ɗakin gwaji: madubai masu kyau, gindi mara nauyi

Ƙaramar intafaromita ta Michelson, na'urar da ke raba haske gida biyu ta sake haɗa shi don auna tazara ƙanƙanuwa, wadda dillalan kayan ɗakin gwaji ke kawowa Kano tana zuwa da madubi biyu, gilashin raba haske, lesa ja mai tsawon zango (wato tsawon igiyar haskenta) kusan nanomita 650, ruwan tabarau na baza haske, da maikuromita, sukurun awo mai tura madubi ɗaya. Madubai da gilashin ba su da laifi. Idan saiti ya hau, zobban haske suna fitowa tar a jikin farin kwali.

Lissafin ba wuya. Duk zobe ɗaya da ya shige, madubi ya matsa rabin zango, nanomita 325 ke nan. Zobe 100 zai ba da kusan milimita 0.0325. A riƙa juya maikuromitar ta gefe ɗaya kawai, don tana da 'yar lasa: in aka koma baya, sai ta ɗan juya a banza kafin madubin ya motsa, ƙidaya ta lalace.

Gindin ne matsalar. Ba shi da nauyi, kowace girgiza tana ratsa shi. Janareto a bayan gini, fankar sama, ko ɗalibi ya jingina da benci, sai zobban su hau rawa su dushe. Maganinsa araha ne: a ɗora na'urar a kan falen kankare, a sa tiyub ɗin tayar babur mai rabin iska a ƙarƙashi, a kashe fanka. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Azurfar madubin a fuska take, goge ɗaya da hankici ya isa ya karce ta, don haka abin hura iska na roba kaɗai za a kusanta da ita. A zafin Afrilu lesar kan yi tsalle a zango, gara a yi awo da safe.

Wannan rawar zobba ita ake yaƙa a cibiyar nazarin taurari ta Paranal a ƙasar Chile, inda na'urar GRAVITY ke haɗa hasken manyan maduban hangen taurari huɗu masu faɗin mita 8.2, tana gyara bambancin tafiyar hasken sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Da ita aka yi nazarin HR 8799 e, duniyar da ke zagaya wani tauraro mai nisa, aka sanar a 2019. Dabarar dushe hasken tauraro don duniyarsa ta bayyana, wadda Ronald Bracewell ya kawo a 1978, tushenta ɗaya da baƙin ɗigon da kan fito a tsakiyar zobban a jikin farin kwalin nan, inda hasken biyu ke soke juna.

Na'urar Michelson ɗin ta cancanci saye don koyarwa. Amma mai son zobban farin haske ya tambayi dillali ko akwai gilashin daidaita hanya, wanda ke sa hasken biyu su ratsa gilashi mai kauri ɗaya, a cikin kayan kafin ya biya.