Yaya, ga bayanin jirgin robar da ka tambaya

Assalamu alaikum, Yaya. Da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Mu nan Wolverhampton sai godiya, sanyi ne kawai ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu.

Abu biyu ka tambaye ni a kan hoton jirgin da na sa a zauren gidanmu na WhatsApp: nawa na saye shi, kuma ko haja ce da za ta karɓu a shagonka. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da farko dai, ba a haka ake sayar da shi ba. Kwali za a miƙo maka, cikinsa gutsattsarin roba masu ruwan toka sama da ɗari, maƙale a jikin firam, kowanne da lambarsa, sai takardar da ke nuna wanne zai hau kan wanne. Kai za ka yanko, ka goge, ka manna, ka yi fenti. Nawa na kamfanin Airfix ne, a ma'aunin 1/48, wato komai na jirgin gaske an rage shi sau 48. Jirgin ana ce masa Hurricane. Faɗin fikafikansa ƙafa 40 ne, a kan teburina kuwa ya dawo santimita 25, taƙi guda da ɗan ɗoriya.

Turawan nan sun fi ɗokin wani jirgin yaƙinsu mai suna Spitfire, amma ni Hurricane na zaɓa saboda ya ci ƙurar Kano. A lokacin yaƙin Hitila, da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ta yi wa Ingila wuyar ratsawa. Sai suka riƙa loda jiragen yaƙi a cikin akwatuna, jirgin ruwa ya sauke su a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, daga Legas sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, su ratsa Darfur zuwa Khartum, su bi kogin Nilu har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, Hurricane shida da wani mai inji biyu, Blenheim, yana yi musu jagora. Kafin a rufe hanyar a 1943, jirage sama da 5,000 sun bi ta. Ka ga ke nan filin jirgin da muke raka alhazai ya ga abin da ba a ba mu labarinsa a makaranta ba. Akwai ma rundunar jiragen Ingila mai lamba 91 da aka laƙaba wa sunan Nijeriya, saboda kuɗin da aka tara daga ƙasarmu aka sayi jirage. Ko kakanninmu sun bayar da son ransu ne, wannan zance ne na wata rana.

To, batun kuɗi. Kwalin da na saya bai kai fam 30 ba. Akwai ƙanana na 'yan koyo, a ma'aunin 1/72, waɗanda ke zuwa da fenti da buroshi da gam, a kan fam goma sha wani abu. Mafi ƙarancin ladan awa guda a nan, yadda aka tsayar a Afrilun 2025, fam 12.21 ne. Ke nan mai shara ma aikin awa ɗaya da 'yan mintoci ya ishe shi ya saya wa ɗansa ƙaramin. Yanzu juya shi zuwa naira, a canjin 2025 da fam ya kai wajen 2,000: babban kwalin nan ya tasam ma naira 60,000, alhali mafi ƙarancin albashin wata a gida 70,000 ne. Ba a sa kuɗin dako ba, ba a sa kwastan ba, ba a sa ribarka ba.

Kuma kwalin shi ne mai araha a cikin harkar. Kamar sayen doki ne, ba kuɗin dokin ba, harawar. Fenti ɗan gwangwani mai mililita 14 fam biyu zuwa uku, kuma jirgi ɗaya zai ci kala bakwai ko takwas. Ga gam, ga tina, ga sanfefa kala-kala, ga salatif na musamman da ba ya ɗaye fenti, ga wuƙa. In mutum ya zurma sai ya ce buroshi ya yi masa kaɗan, sai ya sayi 'yar bindigar feshi da kwamfuresarta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a kasuwar nan shi ne lamba. Takardar kwali za ta ce maka fenti mai lamba 29 na kamfanin Humbrol, ruwan ƙasa mai duhu. 225, ruwan yashi. 157, shuɗin da ake shafawa a ƙasan jirgin don ya saje da sararin hamada. Ka sayi 29 a Birmingham yau, ka sayo wani daga Lowestoft baɗi, kala ɗaya za ka samu. Ka tuna mutumin nan da ke haɗa mana fentin mota a Ƙofar Ruwa, wanda zai kalli murfin tanki sau ɗaya ya zuba wannan ya ɗiga wancan, kala ta fito daidai? Wallahi idonsa ya fi na duk wanda na gani a nan. Sai dai in ka koma bayan wata biyu neman ƙari, sai an sake lale, domin gwanintar a kansa take, ba a rubuce ba. Su kuwa nan sun kwashe gwanintar sun zuba ta a lamba, yaron shago da bai san komai ba ma zai iya sallamarka.

Sai aike. Na yi odar abu da dare a waya, kwana biyu ko uku sai in ji shi ya faɗo ta 'yar kafar da ke jikin ƙofa, ko da kuwa abin fam uku ne. Ba wanda zai kira ka yana tambayar kwatance, ba zancen bayan masallacin Juma'a ko kusa da mai shayi. Lambar unguwa da lambar gida sun wadatar. Doka kuma ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta intanet ko da ra'ayi kawai ka sauya, in kuwa kayan na da aibi kana da kwana 30 ka karɓi kuɗinka cas. Na taɓa buɗe kwalin wani kamfani daban na tarar gilashin saman matuƙi a tsage. Na aika musu hoto da lambar ɓangaren, suka turo sabo a ambulan, ko sisi ban biya ba, ba rantsuwa, ba cewa a hannuna ya fashe. Na san abin da za ka ce: wanda ya shigo da kaya da kuɗin bashi, ya biya kwastan, ya biya dako daga Apapa, ba shi da sararin wannan karamci. Gaskiya ne. Su ma ba don Allah suke yi ba, sun riga sun sa kuɗin a cikin farashi, tare da harajin kashi 20 cikin ɗari. Shi ya sa ba ciniki, ba albarka, ba ragi.

Wani abin dariya: da gemuna da komai, sai da mai shago ya ƙare mini kallo kafin ya ba ni reza, domin laifi ne a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 wuƙa, fentin feshi na gwangwani kuma sai ka kai 16.

Aikin kansa, bari in ɗan nuna maka. Daga ciki ake farawa, mazaunin matuƙi, domin da zarar ka haɗe ɓari biyu na gangar jikin hannunka ba zai sake shiga ba. Kujerar ba ta kai farcen babban yatsa ba. Na yanka salatif siri-siri na yi mata ɗamara, na ɗiga farin fenti da tsinken sakace a kan agogunan gaban matuƙi, duk da na san bayan an rufe sai mai leƙe da tocila zai gani. Akwai ɗan mutum-mutumin matuƙi a kwalin, na bar shi a kwalin ban sa shi ba, ka san halin Hajiya in ta ga hoto. Gam ɗin da nake amfani da shi na Tamiya ne, daga Japan, tsinkakke kamar ruwa. Ba shafa shi ake yi ba. Za ka haɗa ɓari biyun a bushe, ka taɓa bakin buroshi a kan tsagar, sai ka ga ruwan ya bi layin da kansa ya zarce. Narkar da robar yake yi, in ka matsa sai wani siririn kumfa ya ɓullo a kan layin. Ka bar shi ya kwana, ka kankare, ka bi da sanfefa mai laushi, sai a rasa inda aka haɗa.

Jiragen da suka bi ta wajenmu suna da alamominsu. Akwai wata ƙatuwar matatar iska a ƙarƙashin hanci, don kada yashi ya cinye injin. Akwai jajayen ƙyallaye da ake liƙawa a bakin bindigogi takwas ɗin da ke fikafikai, su hana ƙura shiga har sai an yi harbin farko. Wasu kuma ana shafa musu farin fenti a gadon baya da wutsiya, saboda in jirgi ya faɗi a daji na sama su hango shi. Wannan farin na yi wa nawa, shi ne abin da ka ɗauka kuskure ne. Kuma rabin jikin Hurricane na baya ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ɗame a kan katako da bututun ƙarfe. Don haka mai son nuna tsufa ba zai zana ƙwarzanen azurfa a nan ba, sai a gaba wajen inji da inda matuƙi ke takawa. Na je gidan tarihin sojan sama da ke Cosford, 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa daga nan, shiga kyauta, na tsaya gaban na gaske na ga yadda yadin ke lotsawa tsakanin haƙarƙarin katako.

Tambarin jirgi da lambobinsa sitika ce ta ruwa. A tsoma a ruwan ɗumi, ta saki takardarta, a zamar da ita da matsefata. Dole sai jikin na sheƙi kafin a ɗora, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa ta yi fari-fari.

Sai ƙura. Yaya, ƙura ake sayarwa a nan, a 'yar kwalba, an rubuta mata suna: ta Arewacin Afirka daban, ta Turai daban. Fam huɗu ko biyar. Na saya kuwa, ina jin kunyar kaina, na tuna yadda Hajiya ke sa a share tsakar gida safe da yamma a lokacin hunturu. Abin da zan kare kaina da shi kawai, ta kwalbar ta fi tamu laushi nesa, tana kama jikin taya da ƙasan fiffike ba tare da ta zama tsakuwa ba.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi. Da kwamfuresata ta daina tara iska na nemi mai gyara, kuɗin da aka ce in biya don a buɗe ta kawai a duba ya kusa kuɗin sabuwa. Shawarar da aka ba ni ita ce in jefar. A Sabon Gari yaron mai gyaran firji zai kwance ta a gabanka, ya yanko roba daga tsohon tiyub ya maye wadda ta mutu, ka ba shi na abinci. Babu kiri kuma: waya ƙwaya ɗaya nake so, sai an sayar mini da ƙunshi guda. Shagunan unguwa na wannan sana'a ma sai raguwa suke yi, intanet ta cinye su, waɗanda suka rage yawanci dattawa ne ke tsaronsu. Danshin ƙasar kuma kan sa fentin mai ya kwana bai bushe ba, abin da a Kano kafin ka idar da la'asar ya ƙame, in dai ka rufe shi da kwano saboda ƙura.

Masu wannan harka suna da ƙungiya, kuma duk watan Nuwamba suna babban taro a Telford, nan kusa da mu, mutane na zuwa har daga wasu ƙasashe. Mafi yawansu masu furfura ne, tun suna yara suke yi, domin Airfix ta fara fitar da jirgin roba tun shekarun 1950, ana sayarwa sule biyu. Da na ce wa wani tsoho daga Kano nake, sai ya hau lissafo mini zangon hanyar Takoradi ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa taka Afirka ba. Na nuna masa bidiyon yaranmu masu motar kara da motar gwangwani, ba takarda, ba lamba, ba gam, ya daɗe yana kallo yana tambayar yadda suke sa tayar ta juya.

Wani abu da zai ba ka sha'awa a matsayinka na ɗan kasuwa: yawancin kwalayen Airfix a Indiya ake zuba robarsu, zane kawai ake yi a Ingila. Injin kuwa danginsu ɗaya da waɗanda ke fitar da bokiti da buta a Sharaɗa. Bambancin yana wajen ƙarfen zubin, wanda ake sassaƙawa har kan ƙusa ya fito a jikin fiffike, kuma nan ne kuɗin yake.

Don haka shawarata, kada ka zuba jari a ciki. Ko ka kawo kwalin, fentin mai da tina da gam ba sa hawa jirgin sama saboda suna kama wuta, zafin shago kuma yana lanƙwasa roba ya busar da sitika. Wanda ya saya ya rasa kala ɗaya, kai zai dawo wa.

Amma yara ba za su rasa ba. In mutumin da na gaya maka zai taho bayan sallah, zan ba shi ƙanana guda biyu, na Abba da na Khalifa, masu fentin ruwa. Zan cire gam ɗin. Ku yi amfani da sufa gulu kaɗan-kaɗan da bakin tsinke, amma ban da wajen gilashi, yana sa shi hazo. Nan sai farin gam na kafintoci. Rezar kuma ta zauna a hannunka. A gaida Hajiya, a ce mata maganin ƙafar yana cikin saƙon.