Sabon tsarin ma'aikatan laburaren jama'a: abin da ya gyaru da abin da ya rage

Laburaren da nake zuwa ya rushe tsohon rabon ma'aikatansa, wanda ya ware sashen aro daban, sashen amsa tambayoyin bincike daban, sashen rajistar littattafai kuma can ciki, ya kafa rukunoni bisa mutanen da ake yi wa hidima, wato yara, matasa, manya masu neman aiki ko ƙarin ilimi, da tsofaffi. A ganina an yi dabara, domin tsohon tsarin ya fi kula da shige da ficen littafi fiye da buƙatar wanda ya zo nemansa.

Gyaran da ya fi fitowa fili shi ne tebur guda da aka ajiye a bakin ƙofa. A da, mai tambaya yakan sha kai-komo daga wannan ma'aikaci zuwa wancan, amma yanzu wanda ka fara tararwa shi ke riƙe da buƙatarka har ta biya. Na ga wata ma'aikaciya ta raka wani magidanci har inda littattafan sana'a suke, ta nuna masa yadda ake bin lambobin tsarin jera littattafai bisa fanni da Melvil Dewey ya fitar a 1876, sannan ta zauna da shi a gaban kwamfuta suka cike takardar neman aiki ta intanet. Abin da ya ba ta wannan sarari shi ne na'urar aro da mayarwa, wadda ta ɗauke wa ma'aikata aikin buga hatimi. Wani masanin harkar laburare ɗan Indiya, Ranganathan, ya sanya tattalin lokacin mai karatu cikin dokokinsa biyar na aikin laburare na 1931, kuma a nan na ga dokar tana aiki.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Tun da aka fito da masu rajista zuwa gaban jama'a, sababbin littattafai sukan daɗe a kwali kafin su hau kanta, tambaya mai zurfi kuma, irin ta tsofaffin jaridu ko kundin shari'a, takan faɗa hannun wanda bai ƙware a kanta ba, duk da kyakkyawar niyyarsa. Wannan ya dame ni ƙwarai, saboda ƙwarewar irin wannan shekaru take ɗauka kafin ta samu. Ya kamata hukumar ta ware wa masu rajista ranakun da ba za a taɓa su ba, ta kuma liƙa jadawalin lokutan da gwanayen bincike ke bakin aiki, domin ɗalibi ya san ranar da zai zo.